Ƙarancin Jini ga Yara da Mata Masu Ciki: Darasi ga Iyaye Mata da Masu Faɗakarwa

Wannan darasi naki ne, ke uwa mai goyo ko mai ciki, kuma naku ne, ku masu faɗakarwa da ke zagaya gidaje a garuruwan Madawa, Buza da Kaita. Zai yi bayani a kan ƙarancin jini: mene ne shi, ta ina yake shigowa, yadda za a gane shi tun a gida, da abin da ya kamata a yi kafin ya kai yaro ko uwa ga halaka.

Matsalar ba ƙarama ba ce a ƙasarmu. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna cewa cikin yara 100 masu wata 6 zuwa wata 59, yara 73 suna da ƙarancin jini. Cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49 kuwa, an samu 46. Saboda yawansa, ido ya saba da shi. Yaro ya yi fari, ba ya wasa, ba ya cin abinci, sai a ce haƙora ne ko yaye. Mai ciki tana haki idan ta ɗebo ruwa, sai a ce nauyin ciki ne. Alhali sau da yawa jini ne ya ragu, kuma akwai dalilin da ya rage shi. Idan an gano dalilin, akwai magani.

Abin da ke cikin jini

Idan aka zuba jini a ƴar kwalba aka bar shi ya kwanta, yakan rabu biyu: ruwa mai ruwan ɗorawa a sama, da wani abu ja mai kauri a ƙasa. Wannan mai kaurin ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Iri uku ne, kowane da aikinsa.

Jajayen ƙwayoyi su ne mafi yawa, su ke ba jini launinsa. Aikinsu dako ne: suna ɗauko iskar da muke shaƙa daga huhu su kai ta ƙwaƙwalwa, zuciya, tsoka da kowane sashe na jiki. Abin da ke riƙe iskar a cikinsu ana kiransa hemogulobin, kuma jiki ba ya iya haɗa shi sai da sinadarin ƙarfe da muke samu a abinci.

Fararen ƙwayoyi su ne masu tsaron jiki, su ke yaƙi da cututtuka.

Iri na uku su ne ƙwayoyin daskarar da jini. Idan mutum ya yanke, su ke taruwa su toshe bakin rauni har jini ya tsaya.

Duka ukun a cikin ɓargon ƙashi ake yin su. Jar ƙwaya takan yi kamar kwana 120 tana aiki, sannan ta tsufa, saifa ta cire ta, ɓargo ya maye gurbinta da sabuwa. Jini dai kamar rumbu yake: kullum ana ɗiba, kullum ana zubawa. Muddin abin da ake zubawa ya kai abin da ake ɗiba, rumbu na nan cike. Ranar da ɗiba ta fi zubi, ya fara sauka.

Abin da muke kira ƙarancin jini shi ne raguwar jajayen ƙwayoyi, ko raguwar hemogulobin da ke cikinsu. Ruwan jinin yana nan, ƴan dakon ne suka yi kaɗan. Don haka zuciya ke ƙara gudu, numfashi ke ƙara sauri, domin a isar da iska da ƴan ƙwayoyin da suka rage. Gajiya, jiri da haki daga nan suke fitowa.

Lambar da likita ke faɗa

A gidan likita ana tsira yatsa a ɗauki ɗigon jini a auna hemogulobin. Sakamakon lamba ce, kuma yana da kyau uwa ta tambaya ta riƙe ta.

Ga mace baliga marar ciki, lambar da ta gaza 12 ƙarancin jini ce. Ga mai ciki da ƙaramin yaro, iyakar tana wajen 11. Idan lambar ta sauka ƙasa da 7 ga yaro ko mai ciki, ƙarancin ya yi tsanani. Yaron da lambarsa ta sauka ƙasa da 4, ko ta tsaya tsakanin 4 da 6 yana kuma numfashi da ƙyar, ƙarin jini yake buƙata a asibiti ba tare da jinkiri ba.

Hanyoyi uku da jini ke raguwa

Hanya ta farko: jiki bai samu kayan da zai yi sabon jini ba. Kayan sun haɗa da sinadarin ƙarfe, asid folik, bitamin B12 da bitamin A. Jariri yakan zo duniya da ajiyar ƙarfe daga mahaifiyarsa, wadda ke isarsa kamar wata shida. Bakwaini da jaririn da aka haifa da ƙaramin nauyi ajiyarsu ba ta kaiwa haka. Daga wata shida, yaro na girma da sauri, jininsa na ƙaruwa, dole ƙarfe ya fito daga abinci. A gidajenmu kuwa abincin yaro yawanci kunu ne tsararo da fura. Gero yana da ƙarfe, amma akwai wani sinadari a cikinsa da ke riƙe ƙarfen ya hana hanji tsotse mafi yawansa. Nonon saniya da na akuya suna da amfani, sai dai ƙarfen cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Yaro na iya ƙoshi da fura da nono kowace rana, amma jininsa na sauka.

Hanya ta biyu: ana fasa ƙwayoyin kafin su tsufa. Babban mai yin wannan ɓarna a yankinmu shi ne masassarar cizon sauro. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jar ƙwaya, ta hayayyafa, ta fasa ta, ta fito ta shiga wasu. Saifa kuma tana cire ƙwayoyi masu yawa, har da waɗanda cutar ba ta taɓa ba. Shi ya sa yaron da ya yi kwana uku da zazzaɓi ba magani zai iya yin fari fat, ko da makon jiya yana gudu a tsakar gida. Amosanin jini ma ta wannan hanya yake rage jini. Za mu dawo kansa.

Hanya ta uku: jini na fita daga jiki. Wani a bayyane, kamar haihuwa, ɓari, ko jinin al'ada mai yawa. Wani a ɓoye. Akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi inda ake bahaya a fili, ta maƙale a hanji tana shan jini. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da na madatsa, inda ƙananan dodon-koɗi ke zama. Alamarta fitsari da jini. Yaran da ke wanka a tabkunan Kaita, ko suke taya aikin lambu a kwarin Tarka da na Majiya, a riƙa tambayarsu launin fitsarinsu. Akwai kuma jinin da muke zubarwa da hannunmu: tsaga, ƙaho da cire belu. Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa ba shi da ɗigon da zai bayar.

Sau da yawa hanyoyin nan kan haɗu a kan yaro ɗaya. Shi ya sa ƙwayar ƙarin jini kaɗai ba ta isa idan masassara ko tsutsa na nan suna ɗiba.

Me ya sa damina ta fi haɗari

Daga Yuli zuwa Oktoba abubuwa uku ke haɗuwa a Adar. Hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, sabo bai nuna ba. Ruwa ya kwanta, sauro ya yi yawa. Uwa kuma tana gona tun safe, yaro na hannun yayarsa. Yaron da ya shigo damina da jini kaɗan saboda abincin rani, masassara ɗaya ta isa ta kai shi ga ƙarin jini. A waɗannan watanni ne gadajen yara ke cika a asibitocin Madawa, Buza da Kaita.

Don haka ne aka kawo maganin rigakafin masassara na damina. Madawa da Buza na cikin gundumomin farko da aka soma raba shi a Nijar a shekarar 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata cikin watannin damina. Kowane zagaye kwana uku ne: masu rabo su ba da na ranar farko a gabansu, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannunki yake. Idan kika tsaya a ranar farko, kariyar ba ta cika ba. Kada a raba maganin yaro ɗaya ga yara biyu, kada kuma a ajiye shi sai ranar da zazzaɓi ya zo. Maganin bai ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Yadda za ki duba a gida

Ba ki buƙatar na'ura. Ki fito da yaro inda akwai hasken rana, ba cikin ɗaki ba. Ki buɗe tafin hannunsa a hankali, kada ki miƙe yatsun da ƙarfi, domin hakan na korar jini ya sa hannu ya yi fari ko da lafiya. Ki ɗora shi kusa da tafin hannun wani yaro mai lafiya ki kwatanta. Sannan ki ja fatar ido ta ƙasa ki duba cikinta, ki duba harshe, dasashi da farce. Ga mai lafiya wuraren nan ja-ja suke. Idan akwai lalle a hannu, ki dogara da ido da harshe.

Idan hannun ya ɗan yi haske, ki kai shi gidan likita cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da yana wasa. Za a gwada masassara, a duba tamowa, a ba da maganin tsutsa idan lokaci ya yi, a ba da maganin ƙarin jini idan ya dace, a sa miki ranar dawowa bayan mako biyu.

Wasu alamomin da ke tafiya tare da wannan: yawan kwanciya, ƙin abinci, saurin fushi da kuka, da cin ƙasa. Yaro ko mai ciki da ke cin ƙasa, farar ƙasa ko gawayi, ba duka ko faɗa suke buƙata ba. A auna jininsu.

Alamomin da ba a kwana da su

Ki tashi nan take, ko dare ne, idan kika ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat;
- numfashi da sauri ko da ƙyar, ƙirji na faɗawa ciki;
- yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko yana amai da duk abin da ya sha;
- barci mai nauyi da ba a iya tashe shi, suma, ko jijjiga;
- fitsari baƙi kamar shayi, ko ido ya yi ruwan ɗorawa;
- ƙafafu ko fuska sun kumbura;
- mai ciki ko mai jego tana haki tana zaune, ko jini na zuba.

Tun shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da na awon ciki. Abin da ya fi kashe yara a wannan hali shi ne jinkiri: jiran asuba, jiran ranar kasuwa da za a samu mota, jiran izinin mai gida da ya tafi bida Najeriya, Libiya ko Abijan. Ku yi wannan magana tun kafin ya tafi. Ya bar izini a gaban mahaifiyarsa ko ƙanensa cewa idan yaro ya yi fari ko zazzaɓi ya kama shi, a tafi ba sai an kira shi ba. A kuma ware ɗan kuɗin babur ko amalanke wanda ba a taɓawa.

Ke mai ciki

Lokacin ciki jininki na ƙaruwa da kusan rabi, domin ki ciyar da ɗan da ke cikinki ki kuma tanadi na ranar haihuwa. Buƙatarki ta ƙarfe ta fi ƙarfin abinci kaɗai. Matar da ta zo naƙuda da jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita tana iya kashe ta. Ɗanta kuma na iya zuwa kafin lokaci, ko da ƙaramin nauyi da ƙaramar ajiya.

Ki fara awon ciki da wuri, kada ki jira ciki ya fito. A can za a ba ki abubuwa huɗu:

Ƙwayar ƙarin jini, mai ƙarfe da asid folik. Ɗaya kowace rana har haihuwa, ki ci gaba bayan haihuwa gwargwadon yadda ungozoma ta faɗa. Za ta iya sa bahaya ya yi baƙi. Wannan ba cuta ba ne. Idan tana tayar miki da zuciya, ki sha ta da dare bayan tuwo. Kada ki sha ta da shayi ko nono, domin suna hana ta shiga jiki. Ba ta sa ɗa ya yi girman da zai hana haihuwa. Ƙarfin naƙuda take ba ki. Ki ɓoye ta inda yara ba sa kaiwa: ƙwayoyin suna kama da alawa, kuma idan yaro ya haɗiye da yawa guba ne.

Maganin rigakafin masassara, wanda ake sha a gaban ungozoma daga wata na huɗu, da tazarar wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku kafin haihuwa.

Maganin tsutsa, bayan wata ukun farko sun wuce.

Gidan sauro mai magani. Ki kwana cikinsa kowane dare, rani da damina.

Ki haihu a gidan likita. A can akwai allurar da ke rage zubar jini bayan haihuwa. A can kuma ungozoma kan jinkirta yanke cibiya minti ɗaya zuwa uku, domin jinin da ke cikin mahaifa ya gangaro wa jariri ya ƙara masa ajiyar ƙarfe.

Bayan haihuwa, rumbunki na buƙatar lokaci ya sake cika. Kwanika na hana shi. A bar aƙalla shekara biyu kafin wani ciki. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana kan girma kuwa, ita da ɗanta suna rabon abin da bai ishi ko ɗayansu ba. Irinta ce ya kamata mai faɗakarwa ya fi sa wa ido.

Abincin da ke gina jini

Daga haihuwa zuwa wata shida, nonon uwa zalla, ba ruwa, ba tsimi, ba kunu. Ƙarfen nonon uwa kaɗan ne, amma jiki na tsotse shi sosai, kuma nonon na kare yaro daga zawon da ke rage shi.

Daga wata shida, a ci gaba da nono har shekara biyu, a ƙara abinci. Ƙarfen da ya fi saurin shiga jiki shi ne na dabba: hanta, nama, kifi, kaza da zabo. Ba sai da yawa ba. Ɗan yanki na hanta da bai wuce yatsa biyu ba, sau ɗaya ko biyu a mako, a dafa a murƙushe cikin kunu, yana da babban amfani. Busasshen kifi da soyayyar fara, a cire ƙaya da ƙafafu, a daka su gari a ajiye a gwangwani mai murfi, a riƙa zuba cokali ɗaya a kunun yaro. Ƙwai ma abinci ne mai gina jiki, kuma ba ya sa yaro sata.

Na biyu shi ne ƙarfen tsiro: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, riɗi, zogale, kuka, rama, yakuwa, lalo da tafasa. Wannan ƙarfe na buƙatar mai taimaka masa ya shiga jiki, wato abu mai tsami ko ɗanyen marmari: lemun tsami, tumatir, gwaiba, mangwaro, garin ƴaƴan kuka. Matsa lemun tsami a kan kwaɗon zogale ko dafaffen wake ba don daɗi kaɗai ba ne. Ɗan nama ko kifi a cikin miyar ganye ma na taimaka wa ƙarfen ganyen.

Jiƙa gero ya kwana, ko barin ƙullu ya yi tsami, ko tsirar da hatsi kafin a niƙa, duk suna rage sinadarin nan da ke riƙe ƙarfe. Kunu ya yi kauri har ya tsaya a cokali. Tsararon kunu ruwa ne ke cika ciki. Akwai kuma irin gero mai suna Chakti, wanda aka fitar a Nijar a shekarar 2018, mai ƙarfe fiye da geron da aka saba, mai saurin nuna. A tambayi malaman gona.

Shayi na hana ƙarfe shiga jiki. Kada a ba ƙaramin yaro shayi ko kaɗan. Ke ma ki bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi.

Idan aka zo rabon bitamin A da maganin tsutsa, sau biyu a shekara, ki fito da yaranki. Bitamin A daga wata shida ne, maganin tsutsa daga shekara ɗaya.

Yaro mai tamowa

Tamowa da ƙarancin jini tare suke tafiya. Duk lokacin da kika auna damtsen yaro da igiyar awo, ki duba tafin hannunsa. Idan igiya ta nuna ja, ko ƙafafu biyu sun kumbura, a kai shi gidan likita ranar.

A nan akwai gargaɗi. Yaron da ke cikin tamowa mai tsanani ba a ba shi maganin ƙarfe a kwanakin farko, domin jikinsa bai shirya amfani da shi ba, kuma ƙarfen na iya ƙarfafa cutar da ke jikinsa. Abincin leda na gujiya da ake ba shi ya riga ya ƙunshi ƙarfen da yake buƙata. Kada ki ƙara masa ruwan maganin ƙarin jini na kasuwa. Ledar magani ce ta wannan yaro shi kaɗai: ba ta ƴan'uwansa ba ce, ba ta sayarwa ba ce.

Amosanin jini, da raguwar sauran ƙwayoyi

Akwai yaron da ke yin fari a kai a kai, ido ya yi ruwan ɗorawa, hannaye da ƙafafu su kumbura da zafi tun yana jariri, daga baya ƙasusuwa su riƙa ciwo, musamman lokacin sanyi. Wannan na iya zama amosanin jini. Gadonsa ake yi daga uwa da uba tare. Idan dukansu suna ɗauke da irin, ko da su lafiyarsu lau, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Ba laifin uwa ba ne ita kaɗai, ba maita ba ce. Jajayen ƙwayoyin irin wannan yaro suna lanƙwashewa kamar lauje, su mutu cikin mako biyu zuwa uku maimakon wata huɗu. Ba ƙarfe ya rasa ba, don haka ba a ba shi maganin ƙarfe sai likita ya auna ya ce. Abin da yake buƙata: asid folik, ruwan sha mai yawa, sutura lokacin sanyi, cikakkiyar allurar rigakafi, gidan sauro, da zuwa likita duk ranar da jikinsa ya yi zafi. Gwajin jini ke tabbatar da cutar, kuma akwai cibiyar ƙasa mai kula da ita a Yamai. Gwaji kafin aure na amfanar iyali, musamman inda ake auren zumunci.

Wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, ɓargo ne ke gazawa, sai duka ƙwayoyin uku su ragu. Mutum ya yi fari, zazzaɓi da miki a baki su riƙa dawowa saboda masu tsaro sun ragu, ga haɓo, jinin dasashi, da ɗigo-ɗigon ja ko tabo a fata ba tare da an buge ba. Wannan ya wuce abinci da ƙwaya. Sai asibitin gunduma, inda ake ƙirga ƙwayoyin jini, daga can a tura Tawa ko Yamai idan ya kama. Kada a ba irin wannan majinyaci asfirin ko ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan tebur, domin suna ƙara zubar jini.

Ƙarin jini da bayar da shi

Idan likita ya ce sai an ƙara jini, babu ganye, babu lemo, babu allurar da za ta maye gurbinsa. Jini ba a ƙera shi a masana'anta. Daga jikin mutum yake fitowa. Kafin a sa wa yaro, ana gwada rukuninsa, ana kuma bincika shi don cututtuka irin su sida da ciwon hanta.

Baligi yana da kamar lita biyar na jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwansa na dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin cikin ƴan makonni. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana noma, ba ya hana haihuwa. Idan za a tafi da yaron da ya yi fari, a tafi da baligi mai lafiya ɗaya ko biyu, uba, baffa ko kawu. Mai ciki da mai sabon jego ba sa bayarwa.

Maganganun da ake yi a gari

Ana cewa jan zoɓo, jan lemon kwalba ko tumatirin gwangwani da madara suna ƙara jini. Launi ne kawai ya yi kama. Kuɗin kwalba ɗaya ya sayi hanta ko wake da za su yi aikin gaske.

Ana cewa idan yaro ya warke daga zazzaɓi, jini zai dawo da kansa. Yakan ɗauki makonni, kuma a cikinsu wata masassarar na iya zuwa. Yaron da aka sallamo bayan ƙarin jini yana cikin haɗari a watannin da ke biye. A kiyaye ranakun dawowa.

Ana daina maganin ƙarin jini da zarar an ji ƙarfi. Jin ƙarfi na zuwa kafin ajiya ta cika. A shanye har iyakar watannin da likita ya yanka.

Gare ku masu faɗakarwa

A kowane gida da kuka shiga, ku duba tafin hannun kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da kowace mai ciki, ku kuma sa uwa ta duba da kanta a gabanku har ta iya. Ku nemi ganin ƙwayoyin mai ciki ku ƙirga abin da ya rage. Ƙirgar za ta faɗa muku ko tana sha. Idan ta daina, ku tambayi dalili cikin ladabi, domin yawancin dalilan suna da mafita. Ku duba ko gidan sauro a rataye yake ko yana cikin buhu. Lokacin rabon maganin damina, ku koma rana ta biyu da ta uku.

Ku yi magana da kakanni da masu gida, domin su ke yanke shawarar cire belu, su ke kuma ba da izinin tafiya. Ku roƙi mai gari da liman su tara sunayen mazan da suka yarda su ba da jini, da mai babur ko amalanken da za a iya tasa da dare. A yi wannan a watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa ya yanke hanya.

Kada ku ba da maganin ƙarfe da kanku ga yaro mai zazzaɓi ko mai tamowa mai tsanani. Ku rubuta takardar turawa, ku faɗa wa uwa dalili, washegari ku je ku tabbatar an tafi. Idan ba a tafi ba, ku nemi abin da ya hana, ku sanar da shugaban gidan likita na yankinku.

Allah ya ba yaranmu da iyayensu lafiya.